Shekarun da Na Riƙe Mabuɗin Kurmi

Shekarata ashirin da uku aka ɗauke ni aikin malamin daji, aka tura ni wani ƙauye a arewacin Kano, tafiyar awa guda a keke daga Ɗambatta. Da na ji an ce daji, na ɗauka daji zan tarar. Na sauka daga motar kasuwa, na ɗaure akwatina a bayan keke, na yi ta tafiya cikin gonaki, wannan ta jingina da waccan, babu inda mutum zai tsaya ya ce nan ba na kowa ba ne. Hatta itatuwan da ke tsaye a cikin gonakin, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi, kuma an san ɗan da zai gaje shi.

Abin da aka turo ni in tsare wani ɗan kurmi ne a bakin fadama, wanda za ka kewaye shi a ƙafa cikin rabin awa. Ya tsira daga fartanya ne saboda gefensa ɗaya tsohuwar maƙabarta ce, ɗaya gefen kuma ruwa na kwanciya da damina. Wata guda kafin zuwana ofishinmu ya kewaye shi da waya mai ƙaya, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Washegarin isowata shugabana ya zo a kan babur. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, ya kusa shekara talatin a aikin. Ya kai ni bakin ƙofar, ya danƙa mini mabuɗi da wani littafi mai baƙin bango.

Ya ce, "Malam, ka buɗe kunnenka. A duk ƙasar nan irin wannan wuri bai fi a ƙirga da yatsu ba. Akwai itatuwa a ciki da in suka tafi ba za a ƙara ganin irinsu a nan ba. Ba sara, ba kiwo, ba farauta, ba ɗiban ganye. Kai kanka in ka shiga, ido da alƙalami kawai."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ne ya saukar da ni. Ya ba ni wani shago a jikin gidansa, ƙofarsa na kallon gonaki. Kwanakin farko an karɓe ni yadda ake karɓar baƙo. Fura da hantsi, tuwo da yamma, in na fito dandalin da ke bakin masallaci a matsa mini a kan tabarma, a tambaye ni labarin birni. Sai na fara aikina. Na mayar da mata uku da suka zo da igiyoyinsu neman ice. Na kori wani mutum da awakinsa daga bakin waya. Na ƙwace gatarin wani dattijo na kai wa mai unguwa.

Ba wanda ya zage ni. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Abin da ya faru shi ne, in na doso dandali sai hira ta mutu, a amsa sallamata a taƙaice, kowa ya shiga gyaran hularsa ko jan carbinsa har in gaji in tashi. Tuwo bai daina zuwa ba, don mai unguwa ba zai bar baƙonsa da yunwa ba, amma sai dai in dawo in tarar da kwano a rufe a bakin ƙofa. A sahun salla kaɗai kafaɗata ke taɓa ta wani, shi ma don dole ne a haɗa sahu. Ana sallamewa kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu, ni kuwa in shafa addu'ata in ɗauki takalmana.

Saboda haka kurmin ya zama gidana. Da sassafe in buɗe kwaɗo in shiga in mayar in kulle, ba na fitowa sai azahar. Ina bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya ina rubuta sunansu da kaurinsu. Duk ƙaramin tsiron da na gani sai in ɗaura masa ƙyalle don kada in taka shi. A hankali na san mazauna wurin. Akwai garken zabin daji da ke kwana a kan wata kanya. Akwai damo a kogon marke, da bushiya, da kurege mai tsayawa ya ƙare mini kallo kafin ya shige rami. Akwai burtu biyu, mace da namiji, masu tafiya a ƙasa a natse kamar dattawa za su gaisuwar mutuwa. Wata rana na kama kaina ina yi wa kuregen bayanin abin da na rubuta. Na waiwaya ko wani ya ji ni, alhali na san ni na kulle ƙofar da hannuna.

Daminar farko ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri, gero yana fitar da kai. Aka girbe abin da aka samu, mutane suna cewa baɗi Allah zai kawo sauƙi.

A cikin kakar nan na haɗu da tsohuwar. Ina tsaye daga ciki kusa da waya, gaban wani babban itace, ina rubutu, sai na ji murya a bayana.

"Me ka sa masa suna?"

Na juya na ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da sanda, ta kama wayar da yatsu biyu a tsakanin ƙayoyi. Na taɓa ganinta a gari. Ita ce ungozomar unguwar, ita ake kira in haihuwa ta zo, ita ke haɗa wa masu jego magani.

Na gaishe ta, na ce, "Maɗaci ne, Inna."

Ta yi dariya har da tari. "Maɗaci yana can bayanka, ga shi da tabon sassaƙa a jikinsa. Wannan kawo ne. Duba ƙarƙashinsa, za ka ga 'ya'yansa baƙaƙe da jar hula."

Na duƙa na tona ganye, na kuwa same su, baƙaƙe sumul, kowanne da ɗan ja a ka. Na soke abin da na rubuta, kunya ta kama ni.

Ta ce, "Daga nan har Ɗambatta shi kaɗai ya rage. Ina yarinya guda biyar ne. Ɗan nan, wata mai jego ce ciki ya murɗe mata. Sassaƙen maɗaci nake so, bai fi tafin hannu ba."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, an hana."

"Wa ya hana?"

"Hukuma. Don a tsare itatuwan ne, kada su ƙare."

Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Tabon nan da ke jikinsa, na sama na kakata ne, na tsakiya na uwata, na ƙasa nawa. Ka gan shi ya mutu? Gefe ɗaya muke sassaƙa, mu shafe da laka, mu ba shi shekara biyu. Da ba mu san tsaro ba, me za ku tarar ku kewaye?"

Ta saki wayar ta juya ta tafi, tana dogara sandarta. Na yini ina kai da kawo. Da la'asar na zare wuƙata na sassaƙi maɗacin, gefe ɗaya, na kwaɓa laka na shafe, na ƙunshe ɓawon a hulata ta aiki na kai mata har ƙofar gida. Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ce na yi zurfi da yawa, gaba in sassauta hannu. Ba ta yi godiya ba. Amma daga ranar, duk bayan kwana biyu ko uku sai in ji sandarta a bakin waya. Ita a waje, ni a ciki, muna tafiya tare tana nuna mini da baki: wancan tsada, wancan taura, waccan mai hawa kan marke yaɗiya ce, ana cin ganyenta in abinci ya yi wuya. Shafuka da yawa na littafin nan, ni na riƙe alƙalami amma ita ta cika su. Ita kaɗai ce a garin take yi mini maganar da ta wuce sallama.

Damina ta biyu ta fi ta farko muni. Sau uku aka yi shuka, sau uku ta ƙone. Da aka shiga rani, rumbuna da yawa ba a ko buɗe su ba don ba abin da aka zuba. Magidanta suka fara tafiya Kano neman aikin ƙarfi, gari ya koma na mata da tsofaffi da yara. Rijiyar masallaci sai an ƙara igiya. Tumaki suna cin tsumma da takarda. Tuwon da ake ajiye mini ya koma kunu, kunun ma ya tsinke. Ina da albashi, ina sayo garin rogo a Ɗambatta, amma sai in rufe ƙofa kafin in jiƙa, don kada wani ya wuce ya gani.

A cikin waya kuwa kanya ta yi 'ya'ya, aduwa da magarya suna zuba ƙasa, busasshiyar ciyawa ta kai gwiwa. Duk wanda ya bi ta hanyar fadama yana gani. Nakan tarar da mata a tsaye daga waje suna zura kara ta ƙarƙashin waya suna jawo abin da ya faɗo kusa. In sun gan ni su tsaya cak. Ni kuma in yi kamar wani tsuntsu nake kallo a sama.

Ran nan bayan sallar azahar mai unguwa ya ce in tsaya. Rabon da ya kira ni zance an fi shekara.

Ya ce, "Malamin daji, kai baƙona ne, ban taɓa sa baki a aikinka ba. Amma ka ga halin da ake ciki. A buɗe mana kurmin nan zuwa saukar ruwa."

Na ce, "Baba, mabuɗi ne a hannuna, iko ba ya hannuna. Amma gobe zan je in roƙa."

Na buga keke zuwa Ɗambatta. Na sami shugabana a ofis, na faɗa masa komai, har kunun da ya tsinke. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya murza idonsa.

Ya ce, "Kana tsammani ban sani ba? Ƙanwata tana aure a ƙauye irin wannan. A wancan farin da aka yi kana yaro, akwai wani kurmi da ya ninka naka uku, ni nake tsaronsa. Aka roƙe ni, na ji tausayi, na buɗe. Kwana arba'in, Malam. Da farko 'ya'yan itace, sannan ganye, sannan rassa, sannan masu gawayi suka zo. Yau in na kai ka wurin, ko kututture ba za ka gani ba. Mutanen kuma ba su fasa yin ƙaura ba. Yunwa za ta wuce, in Allah Ya so. Abin da aka sare ba ya dawowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, su fa suka bar shi har muka same shi."

"Sun bar shi lokacin da suke kaɗan, ƙasa tana da yawa. Ka ƙirga gidajen garin yanzu. Kada ka buɗe."

Na dawo ban tsaya ko shan ruwa ba. Na faɗa wa mai unguwa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Ya sa haka ya fi alheri," ya shige gida.

Bayan kamar mako uku, zafi ya fara, na shiga kurmi da safe na ga haske inda ban saba ganin haske ba. An datse waya ta gefen maƙabarta. Kawon nan, wanda bai daɗe da fitar da sabon ganye ba, an sare masa rassa kaf, ya rage gangar jiki tsaye da farin tabo ko'ina. Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zaune ba.

Sawun bai ɓuya ba, don jan rassan aka yi a ƙasa. Na bi shi ta cikin gonaki, ya kewaya bayan gari, ya kai ni bayan gidan da nake kwana. Mai unguwa yana da shanun huɗa biyu, waɗanda rabin unguwar ke aro da damina. Ɗaya ya kwana biyu ba ya iya tashi sai an sa itace an ɗaga shi. Na tarar da su suna cin ganyen kawo, mai unguwa na tsugunne yana tura wa na kwancen a baki. Ya ɗago ya gan ni, bai tashi ba.

Ya ce, "Ni na sa aka yi. Kada ka nemi kowa."

Na ce, "Baba, shi kaɗai ne fa ya rage."

"Na sani. A ƙarƙashinsa aka yi mini kaciya. In waɗannan suka mutu, da me za a yi huɗa in ruwa ya zo? Rubuta sunana, ka kai."

Na koma shago na buɗe littafi. Na rubuta cewa an sare rassan kawo, kuma ban ga lokacin da aka sare ba. Ba ƙarya na rubuta ba, amma na san abin da na yi. Kwana biyu ban shiga kurmi ba, ban je masallaci ba, ina kwance ina kallon azara. Na yi tunanin in haɗa kayana in koma gida wurin mahaifiyata in ce aikin ya fi ƙarfina.

A rana ta uku da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa da sanda. Tsohuwar ce. Tun da na zo garin ba wanda ya taɓa zuwa ƙofar nan don ya gan ni. Ta zauna a dokin ƙofa, ta ƙi shiga.

Ta ce, "Na je na ga kawon. Ba zai yi toho ba, ƙasa ta bushe da yawa. Ɗan nan, wanda ya shiga a ɓoye sauri yake yi, mai sauri kuwa gatari yake ɗauka. Yau kawo, gobe kanya. Kai ɗaya ne, ba za ka iya tsare wayar nan ba. Ka buɗe ƙofa da rana, ido na ganin ido."

"Inna, za a kore ni."

"Mai yiwuwa. Litinin da Alhamis, daga hantsi zuwa azahar. Mata kawai. Ba mai shiga da ƙarfe, ko wuƙar yankan kuɓewa. Abin da ya faɗo da abin da hannu ya kai. Ciyawa a tuge a fito da ita, dabba ba za ta shiga ba. Ni zan zauna a bakin ƙofa. Duk wadda za ta shiga, ko ni na karɓi haihuwarta ko na karɓi ta 'ya'yanta. Ba wadda za ta kalli idona ta ɓoye gatari a zane."

Ranar Litinin na buɗe kwaɗo na bar ƙofar a wangale. Mata suka shigo a jere da ƙore da buhuna, ba wadda ta dube ni. Tsohuwar tana zaune a kan dutse tana taɓa ƙugun kowace da sanda.

Wata uku muka yi a haka. Ba zan ce abin ya tafi yadda ta tsara ba. An ci ganyen yaɗiya da ɗinkin, wato tohon ɗinya, an kwashe busasshiyar aduwa da magarya, an fitar da ciyawar da ta riƙe awaki da yawa. Ba a ƙara sare babban itace ko ɗaya ba, don matan da kansu suka zama masu gadi, in suka ga sabon sara sai sun gano mai shi. Amma yunwa ba ta jiran abu ya nuna. An tsinke ɗorawa tun tana ɗanya. An kwashe ƙwan zabi, zabin suka watse. Wata Alhamis na ga an fito da damon nan a cikin buhu, na kawar da kai. Burtu biyun na neme su na rasa. Tsohuwar ta taɓa kama wata tana tonon saiwar tsada da tsinke, ta yi mata faɗa har matar ta fashe da kuka ta ce yaranta uku rabonsu da abinci tun jiya, sai tsohuwar ta bar ta ta tafi da saiwar.

Na zaci buɗewar za ta sa gari ya sake da ni. Bai sake ba. A wurinsu ni ne wanda ya bar kanya ta ruɓe a ƙasa wata da watanni, kuma har yanzu ni ne mai kullewa da azahar. Wata mata ɗaya ce ta taɓa ajiye mini 'yar ƙwaryar kwaɗon yaɗiya a kan dutse ta wuce. Na ci a tsaye a bayan marke. Akwai ɗaci, ba gishiri sosai, na cinye tas.

Wata Alhamis na ji ƙarar babur. Shugabana ne, ba ranar zuwansa ba ce. Ya kashe babur a bakin ƙofa, ya dubi matan da ke ciki, ya dube ni. Ya gaida tsohuwar da ladabi, sannan ya ce in biyo shi. Muka zaga kurmin. Ya tsaya a gaban kawon ya daɗe. Daga nan ya riƙa duƙawa yana tsintar ƙyallayen da na ɗaura wa ƙananan tsiro, a cikin turɓaya, ba tsiron ba alamarsa. Ya tara su a hannu muka dawo bakin ƙofa.

Ya nuna wa tsohuwar, ya ce, "Inna, na ga manyan suna tsaye, na kuma san aikinki ne. Amma ga 'ya'yan. In manyan suka tsufa suka faɗi, me zai maye su?"

Ta ce, "Alhaji, gaskiyarka. An tattake su, ina gani, ban iya hanawa ba. Amma jariri huɗu na karɓa a watan nan, uwayensu da ganyen nan suke samun abin shayarwa. Ka faɗa mini wanda zan hana shiga, in hana ta."

Ya juya ya dubi matan, sun tsaya cirko-cirko da ƙore a hannu. Bai nuna kowa ba. Ya zuba ƙyallayen a aljihu, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ka saɓa mini, kuma dole in rubuta. Amma aiki ya yi mini yawa, ba zan sami zama in rubuta ba sai ruwa ya sauka." Ya hau babur ya tafi, bai karɓi mabuɗin ba.

Kafin ruwan ya zo tsohuwar ta kwanta ciwo. Zaman rana a kan dutse da ƙarancin abinci sun ci ƙarfinta. 'Yarta da ke aure a Bacirawa ta zo ta tafi da ita ranar da na je Ɗambatta, na dawo na tarar da ƙofarta a rufe da asabari. Ban ƙara ganinta ba. Bayan shekara guda na ji ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ranakun da suka rage ni na zauna a kan dutsen, amma ni ba na iya taɓa ƙugun matar kowa, sai dai in yi kamar ina dubawa.

Ruwa ya sauka, mai yawa, kwana biyu a jere. Mako guda bayan haka takarda ta zo. Ba a kore ni ba, an mayar da ni wurin renon dashe kusa da Kano, inda na shekara tara ina cika leda da ƙasa ina tsirar da darbejiya dubu bisa dubu, iri ɗaya tak, don ita ce ba ta jin fari kuma akuya ba ta cika damunta ba. Ranar da zan tafi kowa yana gona. Ɗaya daga cikin shanun mai unguwa ya rayu, an haɗa shi da na wani ana huɗa. Na bi mai unguwa har gonar na yi masa sallama. Ya tsayar da garma, ya share hannu a riga ya miƙo mini, ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya. Ka yafe mu." Na ce ni ma su yafe ni. Na tura kekena cikin laka har bakin titi.

Daga baya na zauna a tarurruka da yawa inda ake wannan gardama. Wasu su ce a kewaye a kulle, mutum shi ne matsala. Wasu su ce a bar wa mutanen wuri, su suka san abinsu. Kowane ɓangare in ya ji na yi aikin sai ya nemi in ba shi gaskiya. Nakan ba su labarin nan yadda ya faru, sai in ga duka biyun ba su ji daɗinsa ba.

Sau ɗaya na koma, bayan na bar aiki. Na shiga ƙaramar bas daga Kano zuwa Ɗambatta, na hau ɗan acaɓa. Ba waya, ba ƙofa. Kurmin bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, gefen maƙabarta ne ya rage, manyan itatuwa tsirara, ƙarƙashinsu a share kamar tsakar gida. Gefen fadama ya zama lambuna, injin ban ruwa yana ta ƙara. Wani magidanci da ke ban ruwan albasa ya ga na daɗe a tsaye, ya zo muka gaisa, ya tambaye ni ko wani nake nema. Na ce a'a, na taɓa aiki ne a nan, da daɗewa.

Ya ce, "Ai kuwa iyayenmu suna ba mu labarin wani malamin daji da ya kulle wurin nan a shekarun yunwa. Sun ce mutum ne marar magana, ko dariya ba ya yi. Ka san shi, Baba?"

Na ce, "Ni ne."

Ya buɗe baki, sannan ya yi dariyar kunya, ya ce in yi haƙuri bai sani ba. Ya koma lambu ya tugo albasa ya cika mini leda, na ƙi karɓa ya nace. Na zauna a kan kunyar lambunsa ina kallon yadda yake juya ruwa daga fangali zuwa fangali, har aka kira la'asar. Muka yi alwala da ruwan injin, muka yi salla mu biyu a gefen lambu, sannan ya tsayar mini da mai babur.